Rangadi a Kan Dokin Ƙarfe: Tarihin Keke da Hanyoyin Karkarar Ƙasar Malumfashi

Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, muna miƙa godiya ga kwamitin da ke shirya wannan mujalla ta ƙungiyarmu, saboda damar da ya ba mu a bana ta mu ce wani abu game da tarihin wannan ƙasa tamu mai albarka. An saba idan aka ce tarihi, sai hankali ya tafi ga sarauta da yaƙe-yaƙe da manyan malamai. Mu kuwa mun ga ya dace mu dubi abin da kowa ke takawa kullum amma ba kasafai ake tuna shi ba, wato hanyoyin da suka haɗa garin Malumfashi da ƙauyukansa, da kuma abin hawan da ya fi kowanne yi musu hidima a zamaninmu, wato keke, wanda iyayenmu ke kira basukur, ake kuma yi masa kirari da dokin ƙarfe.

Abin da ya jawo hankalinmu ga wannan batu shi ne wata ziyara da muka kai da kakar bara zuwa ƙauyen da muka fara koyarwa, tare da wani jikanmu. Mun yi niyyar mu nuna masa turbar da muka yi shekara huɗu muna bi a kan keke safe da yamma, amma sai muka neme ta muka rasa. Wani sashe nata ya zama gonar masara, wani kuma kwazazzabo ya cinye shi, tsamiyar da muke hutawa a ƙarƙashinta ko kututturenta babu. Yaron ya dube mu kamar muna yi masa tatsuniya. A nan muka gane cewa idan mu da muka bi waɗannan hanyoyi muka yi shiru, to za su shuɗe tare da mu. Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya.

Kafin Zuwan Keke

Ƙasar Malumfashi, mazaunin Galadiman Katsina, Allah ya ajiye ta a tsakiyar manyan birane uku: Katsina daga arewa, Kano daga gabas, Zazzau daga kudu. Saboda haka tun kafin zuwan Turawa ba ta rabu da matafiya ba. Talaka yana tafiya a ƙasa da kayansa a ka, ko ya kora jaki ko takarkari. Doki na sarakai ne da masu hali, raƙumi kuwa na Buzaye ne masu kawo gishiri da kanwa daga arewa. Ba a auna nisa da mil ko kilomita, sai dai a ce tafiyar hantsi, ko tafiyar yini, ko zango kaza.

Hanyoyin da kansu iri-iri ne, kuma kowace da sunanta. Akwai turba, wato siririyar hanyar ƙafa da ke ratsa gonaki daga wannan unguwa zuwa waccan. Akwai burtali, hanyar shanu mai faɗi wadda ake shinge gefenta da aguwa ko bini-da-zugu don kada dabbobi su shiga shuka. Akwai kuma gwadabe, babbar hanyar fatake da ke haɗa gari da gari. Wanda ya lura zai ga cewa magabata ba su shata waɗannan hanyoyi da ka ba. Turba takan bi tudu ta kauce wa fadama saboda damina, takan biya ta bakin rijiya da gindin inuwa, kuma takan tsallaka rafi ne daidai wurin da ƙasansa ke da tauri. Gyaranta kuwa na kowa ne: idan ruwa ya ɗauke, mai gari yakan sa a yi shela, samari su fito gayya da fartanya da adda su share ciyawa su cike ramuka. Wannan gado ne keke ya zo ya tarar, kuma a kansa ya hau.

Asalin Keke da Shigowarsa

Keke ba tsohon abu ba ne a duniya. A shekarar 1817 wani Bajamushe mai suna Karl von Drais ya ƙera wani abin hawa na katako mai ƙafa biyu, wanda ba shi da feda, sai dai mahayi ya riƙa tura ƙasa da ƙafafunsa. Siffar keken da muka sani, mai ƙafafu biyu daidai wa daida da kaca mai juya ƙafar baya, ta fito ne a 1885 daga hannun John Kemp Starley a birnin Coventry na Ingila. Bayan shekara uku, a 1888, John Boyd Dunlop ya fito da tayar roba mai iska. A ƙarshen waɗannan shekaru ne kuma kamfanin Raleigh ya kafu a birnin Nottingham. Ke nan lokacin da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903, keke a wannan siffa tasa bai cika shekara ashirin ba.

Abin da muka ji daga bakin iyayenmu shi ne, sun fara ganin keke ne a hannun Turawa da akawunan kamfanoni da ma'aikatan gwamnati. Da farko abin kallo ne, yara kan bi shi a guje, tsofaffi kuma suna mamakin yadda abu mai ƙafa biyu ke tafiya bai faɗi ba. Amma ba a daɗe ba mutane suka fahimci amfaninsa. Ba ya cin dusa, ba ya shan ruwa, ba ya bukatar bara mai yi masa ciyawa. Tafiyar da mai ƙafa zai yi cikin sa'a uku, mai keke yana yin ta cikin sa'a guda idan ƙasa na da tauri. Abu mafi muhimmanci kuma, mota sai an yi mata hanya, shi kuwa keke duk inda sawun mutum ya bi ya ishe shi.

Jirgin Ƙasa, Auduga da Keke

Abin da ya sauko da keke daga hannun ma'aikaci zuwa hannun manomi shi ne kuɗin amfanin gona. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kuma daga nan cinikin gyaɗa ya bunƙasa. Mu a nan kudancin Katsina, layin da ya fi shafar mu shi ne wanda ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Ƙasarmu ƙasar auduga ce. Kamfanin BCGA, wanda aka kafa a Manchester a 1902, mutanenmu kuma ke kira Bisije, ya kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da nan Malumfashi. Ana binciken iri a Samaru, ana yawaita shi a gonar Daudawa, sannan a raba wa manoma.

Da kaka idan aka buɗe fuloti, manomi yakan kai audugarsa a auna a ba shi kuɗi a dunƙule. Abu na farko shi ne ya biya haraji, sai suturar iyali, sai hidimar aure idan akwai. Wanda Allah ya yi wa buɗi kuwa, burinsa na gaba keke ne. Manyan kantuna irin su UAC da John Holt da G.B. Ollivant su ne ke shigo da shi, 'yan kasuwarmu kuma su saro daga Kano ko Zariya ko Funtuwa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman a shekarun 1950, keke ya yawaita har ya zama ma'aunin rufin asirin magidanci. Sunayen da suka yi tashe su ne Raleigh da Hercules da Rudge da Phillips, dukansu ƙirar Ingila, kuma Raleigh shi ne sarkinsu, har kamfanin ya zo ya kafa masana'anta a unguwar Bompai ta Kano. Daga baya ne Phoenix na ƙasar Sin da Hero da Avon na Indiya suka shigo da sauƙin kuɗi.

Wanda ya sayi sabon keke yakan daɗe bai cire takardar da aka naɗe sandunansa da ita ba. Yakan yi wa sirdi riga, ya ƙara madubi da ƙararrawa ta biyu, kuma ba ya kwana sai ya goge shi ya shigar da shi ɗaki. Aron keke kuwa sai amini na ƙut da ƙut.

Keke a Hannun Ma'aikatan En'e

A zamanin En'e, kalmar rangadi ba ta Razdan da Di'o da hakimi kaɗai ba ce. Su suna tafiya a kan doki ko a mota, su sauka a bariki. Amma ƙananan ma'aikatan da ke isar da aikin hukuma har ƙofar talaka, yawancinsu a kan keke suke nasu rangadin. Malamin gona yana zagaya ƙauyuka yana duba shukar auduga. Duba-gari yana leƙa rijiyoyi da mahauta. Malamin dabbobi yana bin rugage, malamin daji yana kewaya gandu, masinja kuma yana kai takarda daga fadar hakimi zuwa ga dagatai. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, masu duba azuzuwan manya da keke suke bin unguwanni, allo da alli da littattafai ɗaure a kariya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, idan mota ta sauke ta a gari, sau da yawa mai keke ne ke ƙarasa da ita ƙauye, inda mutum ɗaya zai karanta wa mutum ashirin a gindin bishiya.

Hukuma kuma ba ta bar keke haka nan ba. Kowane mai keke sai ya yanki lasin a kowace shekara, a ba shi 'yar lamba ta ƙarfe ya ɗaura, kuma ɗan doka na iya tsare wanda ba shi da ita, ko wanda ya hau da dare babu fitila. Muna tune da yadda mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yake adana rasiɗin lasin tare da na haraji a cikin gwangwani guda.

Bayan ma'aikata, sai masu neman na kansu: 'yan koli da akwatinsu na allura da zare da madubi, masu kananzir da garwa biyu a rataye, masu goro, masu burodi, dillalan fata, da wanzamai. Su ne suka sa kasuwannin ƙauye suka san farashin gari tun kafin rediyo ta yawaita.

Manyan Hanyoyi Huɗu

Idan mai karatu ya tsaya a tsakiyar Malumfashi, hanyoyin da masu keke suka fi bi sun kasu huɗu. Ta farko ita ce ta kudu maso yamma, wadda ke bi ta Ƙarfi da Bakori ta faɗa Funtuwa. Wannan ita ce hanyar auduga da jirgin ƙasa. Mai ƙarfi yakan yi sammako bayan sallar asuba, ya gama cinikinsa a Funtuwa, ya yi sallar magariba a gida.

Ta biyu ita ce ta arewa, zuwa Dayi. A nan hanya ke rabuwa, ɗaya ta yi gabas zuwa Gwarzo da Kano, ɗaya ta miƙe zuwa Yashe inda ake kama titin Katsina. Wannan hanyar hatsi ce da dabbobi, kuma ta nan ake ratsewa zuwa ƙasar Musawa. Ta uku ita ce ta kudu, zuwa Ƙafur da Dabai da Ɗanja, ƙasar fadamu da rake da tumatir, inda masu keke ke dawowa da mazarƙwaila da daurin rake a kariya. Ta huɗu kuma ita ce wadda ke rabuwa da titin Funtuwa a Marabar Ƙanƙara, ta nufi Ƙanƙara da ƙasashen da ke bayanta.

Amma waɗannan huɗu jijiyoyi ne kawai. Ainihin duniyar mai keke tana cikin ɗaruruwan turbobin da ke tsakaninsu, masu zuwa Yaba da Na'alma da Ɗansarai da Ruwan Sanyi da Borin Dawa da sauran garuruwa da unguwanni da gidajen gona. Wanda ya san su ba ya bukatar titi. Yakan yanke ta bayan wannan gari, ya ɓulla ta gindin waccan kuka, ya rage kusan rabin tafiya.

Kowane lokaci na shekara da irin hawansa. Da kaka, bayan an yi girbi, ƙasa ta yi tauri, iska ta yi sanyi, babu lokacin da ya fi wannan daɗin tafiya. Mutum yana tafe yana ganin ɗorawa da kaɗanya da gawo tsaye a gonaki, ga rumbuna cike, ga farin auduga ko'ina. Da hunturu, iskar gabas kan tare mai zuwa Gwarzo har ya ji kamar tudu yake hawa, amma ta turo shi gida idan ya juyo. Da bazara sai yashi da ƙishirwa, kuma a nan ne ake sauka a tura. Da damina kuwa laka kan cushe tsakanin taya da madigadi har ƙafa ta ƙi juyawa, dole a nemi tsinke a ƙwaƙule. Ƙaya ba ta da lokaci, musamman tsidau da ƙayar bagaruwa. Don haka babu mai tafiya mai nisa ba tare da famfo da sholisho da guntun tsohon tub da sifana ba. A kowace mararraba kuma akwai mai faci a gindin bishiya, da kwanon ruwansa na gano huji, wanda ya san labarin duk wanda ya wuce a ranar.

Hanya tana da ladabinta. Yaro ba ya wuce dattijo a kan keke, sai ya sauka ya gaishe shi. Ana sauka a ƙofar fada da wurin jana'iza. Idan ka tarar da wani keken nasa ya lalace, ba ka wucewa sai ka tambaye shi ko yana bukatar famfo. Duk gidan da ka tsaya ka yi sallama kuwa, za a kawo maka ruwa, sau da yawa har da fura. Ranar 2 ga Afrilu 1972 aka sauya tuƙi a Nijeriya daga hannun hagu zuwa na dama. Muna 'yan firamare a lokacin, kuma malamanmu sun yi ta koya mana sabuwar dokar don mu koya wa iyayenmu. A kan titi an sha ruɗani na 'yan kwanaki, amma a turba dokar ba ta sauya ba: ƙarami ke kauce wa babba, marar kaya ke kauce wa mai kaya.

Malamin Makaranta da Kekensa

A watan Satumba na 1976 aka ƙaddamar da shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. Cikin ɗan lokaci aka buɗe makarantu a ƙauyukan da ko amalanke da ƙyar take shiga. Mu da muka fito daga kwalejin horon malamai a ƙarshen shekarun 1970, can aka tura mu. Abu na farko da sabon malami ke nema bayan tabarma da fitila shi ne keke, ko dai ta hanyar rancen da ake cirewa a albashi, ko ta adashi tsakanin abokan aiki. Da shi muke zuwa karɓar albashi, da shi muke ɗauko alli da rajista, da shi muke bin iyaye gida gida muna roƙon su bar yara su zo makaranta. Ba sau ɗaya ba kuma, da shi muka goya ɗalibi marar lafiya zuwa asibiti a gari.

Akwai rana guda da ba za mu manta ba. A daminar 1982, lokacin da rukunin farko na 'yan UPE ke kammala aji shida, hedimastanmu ya damƙa mana takardun yaranmu goma sha ɗaya da ke neman wucewa gaba, ya ce lallai su isa ofishin ilimi kafin a tashi aiki washegari. Da daren nan aka kwana ana ruwa. Da muka iso bakin rafi da safe, muka tarar ya cika ya batse. Muka zauna har hantsi muna jiran ya ja baya. Daga nan wasu samari biyu da ke noma a kusa suka ce, "Malam, kawo keken." Ɗaya ya ɗora shi a ka, ɗaya ya riƙe hannunmu, mu kuma mun naɗe takardun a leda mun ɗaure su a ka da rawani, ruwa har ƙirji. Bayan mun haye ba da nisa ba, sai ƙaya ta fasa tayar baya. Muka tura har mararraba. Da mai facin ya ji abin da muke ɗauke da shi, ya gyara ya ƙi karɓar ko kwabo, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai akwai ɗan ƙanena a cikinsu." Mun isa ofis magatakarda yana shirin kulle ƙofa. Daga cikin yaran nan akwai waɗanda suka zama malamai da ma'aikatan lafiya, kuma wasunsu suna cikin wannan ƙungiya a yau. Mun kawo wannan labari ne don a san cewa kowane tsohon malamin ƙauye yana da irinsa, kuma ilimin da muke alfahari da shi a wannan ƙasa, a kan waɗannan turbobi ya shigo.

Zuwan Babur

Darajar keke ta fara raguwa ne da zuwan kuɗin man fetur. Bayan ƙarin albashi na Udoji, wanda aka biya a 1975, ma'aikata da yawa suka koma Honda da Yamaha da Suzuki da Vespa. A wannan shekara ce kuma aka fara aikin raya noma na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, wanda ya haɗa da ƙasar Malumfashi, ya kuma shimfiɗa hanyoyin burji zuwa ƙauyuka masu yawa. A 1986 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar DFRRI don hanyoyin karkara da ruwan sha, a 1987 kuma aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Duk waɗannan alheri ne, ba mai musu. Sai dai da motoci suka samu hanya, sai aka fara yi wa turba kallon abin da ya wuce, aka daina fita gayyar gyaranta.

Tsadar rayuwa da ta biyo bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ta mayar da wasu kan kekensu na ɗan lokaci. Amma daga farkon shekarun 2000, da babura masu sauƙin kuɗi irin su Jincheng da Bajaj suka cika kasuwa, sana'ar acaɓa ta shiga kowane lungu, keke ya zama abin hawan yara da marasa hali. A 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi kira ga 'yan ƙasa su koma hawan keke, har shi da kansa ya hau zuwa aiki a Abuja, amma mutane da yawa dariya suka yi masa.

Halin da Ake Ciki

Abubuwa uku ne ke cin hanyoyinmu a yau. Na farko shi ne ƙarancin ƙasar noma. Jama'a sun yawaita, gado ya rarrabu, kowane manomi yana ƙara kunya ɗaya a kowace damina, har turba ta tsuke ta ɓace, burtali kuma ya toshe. Toshewar burtali ba ƙaramin abu ba ne, domin idan shanu suka rasa hanya, gona za su shiga, kuma kowa ya san abin da ke biyo baya tsakanin manomi da makiyayi. Na biyu shi ne zaizayar ƙasa, wadda sare itatuwa ya ƙara wa ƙarfi. Na uku, wanda ya fi ciwo, shi ne rashin tsaro. A 2021 sai da gwamnatin jiha ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme na wani lokaci saboda 'yan bindiga. Akwai wuraren da muka kwana a gindin bishiya muna samari babu abin da muke tsoro sai maciji, waɗanda yanzu sai an yi tambaya kafin a doshe su da rana tsaka.

A daidai wannan lokaci ne kuma bukatar keke ta dawo. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Malamai da ƙananan ma'aikata da manoma da yawa sun jingine babur sun kakkaɓe tsohon keke. Sai dai sun dawo sun tarar gajerun hanyoyin da iyayensu ke bi babu su, dole su hau titi su yi gogayya da manyan motoci.

Wasu al'ummomi sun riga mu gane darajar irin wannan gado. A Ingila tun 1878 aka kafa ƙungiyar masu yawon ƙasa a kan keke, kuma a yau hanyoyin keke na karkararsu suna da lambobi da taswira. A nan kusa da mu, ƙasar Burkina Faso tana shirya gasar keke ta zagaya ƙasa tun 1987. A 2018 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 3 ga Yuni ta zama ranar keke ta duniya.

Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba ƙungiyarmu shawarwari kamar haka. Na farko, a kafa ƙaramin kwamiti na tsofaffin malamai da ɗaliban sakandare, su zauna da dattawan kowace gunduma su rubuta sunayen turbobi da burtali da mashigai da rijiyoyin da ke kansu, a zana taswira, a ajiye kwafi a ofishin ƙungiya da fadar hakimi. Na biyu, a nemi goyon bayan iyayenmu sarakuna da dagatai da masu unguwanni wajen shata iyakar hanyoyin da suka rage, a dasa darbejiya ko maɗaci a gefensu don su zama shaida da inuwa. Na uku, a farfaɗo da gayyar gyaran hanya bayan damina, ƙungiya kuma ta taimaka da siminti don ƙananan kwalbatoci a mashigan da ke hana yara zuwa makaranta. Na huɗu, a cikin tallafin karatu da ake bayarwa, a sanya kekuna ga ɗaliban jeka-ka-dawo da ke zuwa daga nesa, a kuma tallafa wa matasa masu koyon gyaransu. Na biyar, sau ɗaya a shekara bayan girbi, a shirya rangadin zumunci a kan keke, manya da yara, ta hanyoyin da hukumomin tsaro suka tabbatar da lafiyarsu, a yada zango a ƙauyuka a gaida dattawa a saurari tarihinsu.

Kammalawa

'Yan'uwa, yawancinmu da ke zaune a Kaduna da Kano da Abuja da Legas, ta wata turba muka fito, a kariyar keken uba ko kawu ko malami. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma dattawan da suka san waɗannan hanyoyi suna raguwa a kowace shekara. Idan aka fara aikin rubuta su a bana, muna cikin masu ba da abin da suka sani, kuma tsohon Raleigh ɗinmu yana nan a zaure, taya kawai yake bukata.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka share mana hanya. Allah ya dawo mana da zaman lafiya a garuruwanmu da dazuzzukanmu, ya ƙara wa iyayenmu sarakuna lafiya da adalci, ya haɗa kan 'ya'yan wannan ƙungiya a kan alheri, amin.